Ranar da Inna Ta Faɗi Sunana

Ranar wata Talata ce da la'asar, a ƙarshen kakar shekarar da aka fara sako ruwan Bakolori cikin kanal ɗin da ya ratsa bayan ƙauyenmu, can gefen Bakura. Ina da shekara tara, ina aji uku. Baba ya dawo daga kasuwar Mafara da rake ɗaure a bayan kekensa, ya sare mini gaɓa uku, ni kuwa na haye kututturen da ke tsakar gida na kafa masa baki kamar wanda aka yi wa gorin ƙarfi. Ban kai ga cinye gaɓar farko ba sai na ji haƙorana biyu na can ciki, ta hagu, suna girgiɗi, na tofar da tuƙa na ga jini. Babu zafi ko kaɗan. Abin da ya dame ni kawai shi ne kada ƙadangare ya leƙa bakina, don mun yarda cewa in ya ga giɓi haƙori ba zai sake tsirowa ba. Inna, wato mahaifiyata, tana gindin rumbu tana bakace, ta ba ni baya. Ba ta waigo ba, ba ta tsayar da faifai ba, sai na ji ta ce wa kakata, "Iya, a duba kumcin wancan. Kwana ukku ke nan shina tashi." Duk gidan ba wanda ya lura da kumburin, har ni mai kumcin.

"Wancan" ni ne. Ni ne ɗan fari, kuma aka sa mini sunan kakana na wajen uba, Malam Haliru, mijin Iya da ya rasu kafin a haife ni. Kunya ta zama biyu ke nan. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta san yana duniya, sa'annan mace ba ta kama sunan surukinta ko da yana kabari. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin Iya, ita ke yi mini wanka, ita ke kirana Maigida, tana yi mini tsiyar cewa miji ne ni marar cefane. Inna kuwa in za ta ba ni tuwo sai ta ba ƙanwata Hajo ta ce, "Kai ma yaron Iya." Hajo dai ana kiran sunanta sau ɗari a wuni, a goya ta, a yi mata kitso, a zage ta ma. Ni ko zagin ban samu ba, kuma wallahi na yi kishin zagin nan. Akwai ranar da na fasa tulun Inna da gangan don ta fusata ta kira ni, sai kawai ta ɗauko tsintsiya ta share tsingaron ta wuce. Na tafi bayan gida na yi ta kuka. Sai da na girma na tuna cewa kullum akwai tsokar nama ɓoye a ƙarƙashin malmalar tuwona, kuma ban taɓa ganin irinta a kwanon Hajo ba.

Shekarun nan manya ba su ji daɗinsu ba. Katafila ta bi gonakinmu ta shafe, ta tuge tsamiyoyi da kukokin da ake gane iyaka da su, aka yi damina biyu ba a saka iri a ƙasa ba. Dangin Inna na wajen Maradun kuwa ruwan dam ne ya kwanta a kan fadamarsu. Maganar gona ta yi zafi har manya kan yi shiru in yaro ya shigo zaure. Mu yara kam duniya ce sabuwa. Daga makaranta sai kanal, mu tuɓe mu faɗa, mu yi tseren iyo zuwa kwalbati, mu fito idanu jajur mu yi langa a kan tudun ƙasar da aka tara. Mukan bi tifa da gudu muna ɗaga wa direba hannu, mu tsinci tsofaffin wayoyi mu ƙera mota. A shekarar da nake magana aka mayar wa Baba da filinsa, an daidaita shi sumul, aka ce alkama za a shuka da rani. Sai ga mutanen da suka gaji noman gero kaka da kakanni suna koyon yanka fangali da zuƙo ruwa da roba kamar 'yan aji ɗaya. Ruwan kuma da rana ake ba da shi, kowane layi da ranarsa, in ta wuce ka sai wani zagaye. Mai buɗe ƙofar ruwan wani Kirista ne ɗan kudancin Zariya, Malam Yohanna, yana zaune a Mafara, yana zuwa kan babur da makulli rataye a wuya.

Kumburin nan da farko aka ce hangum ne. Iya ta ɓaɓɓako gidan zanzaro daga jikin bango ta kwaɓa ta shafa mini, aka karɓo rubutu na sha, aka yi tofi. Sati biyu, kumci sai ƙaruwa yake yi, har bakina ya karkace, tuwo ya gagare ni sai kunu. A makaranta aka sa mini suna Mai Goro, wai na ƙunshe goro na hana mutane, na yi dambe sau uku a kan sunan nan kafin ƙarfina ya ƙare. Aka kira wanzami ya yi sakiya. Tsohon ya lallatsa wurin, ya ji shi da tauri ba ruwa a ciki, sai ya mayar da askarsa cikin zabira ya ja Baba gefe. Ban ji abin da ya faɗa ba, amma kafin magariba kalmar ta zagaye gida: daji. Daga ranar Iya ta kafa doka, irin wadda kowa a ƙasarmu ya tashi da ita: "Daji ba ya son ƙarhe." Ba aska, ba allura, don in ƙarfe ya taɓa shi fusata yake yi ya bazu. Ta faɗa ne da iyakar gaskiyarta, don a kan idonta aka yanka wa wata ƙanwarta ƙari a nono, ba ta yi wata uku ba ta rasu.

Malam Yohanna ne ya fara karya dokar. Na kai wa Baba fura gona, na yafa rawanin Baba don in ɓoye fuskata, iska ta yaye shi daidai ƙofar ruwa. Mutumin nan ya kashe babur ya tsaya yana kallona, sa'annan suka yi doguwar gaisuwa da Baba, ta gida da ta gajiya da ta aiki, kafin ya ce matarsa Saratu ma'aikaciyar asibiti ce, a bari ta gan ni. Washegari ya goya ni zuwa Mafara. Matar ta duba bakina da tocila, ta ce ta taɓa ganin irin wannan ga yara, ciwon daji ne na muƙamuƙi, yana da saurin girma, amma yana cikin waɗanda ke jin magani in an hanzarta. Ta rubuta takarda zuwa babban asibiti a Zariya. Aka yi kwana biyu ana ja-in-ja a gida, sai da limaminmu ya zo da kansa ya ce wa Iya wanda Ya saukar da cuta Shi ne Ya saukar da magani, kuma ba a ce maganin sai na sassaƙe ba. Iya ba ta hana ba, amma ba ta yarda ba. Da za mu tafi ta bi mu har bakin zaure tana addu'a. Inna tana ɗaki ba ta fito ba, sai Hajo ce ta rugo da ƙunshin ƙuli-ƙuli ta cusa a aljihun Baba.

Ni da ban taɓa wuce Mafara ba, sai ga ni a Gusau, ga Funtuwa, ga Zariya, ina manne da tagar mota kumcina na bugawa. A asibiti suka gutsiri ɗan nama daga wurin suka auna, bayan kwanaki suka ɗaura mini ruwa a hannu suka zuba maganin a ciki. Na yi amai har na ga kamar hanjina zai fito. Amma abin da ya biyo baya, da ba a jikina ya faru ba da sai in ce ƙarya ce. Kwana biyu kumburin ya saki, kwana biyar ya koma kamar ƙwan kaza, kafin kwana goma na shafa fuskata na ji ta daidai da ta kowa. Baba, mutumin da ban taɓa ganin haƙoransa a waje ba, ya riƙa jan baƙi a baranda yana nuna musu kumcina. Aka sallame mu da wani kati shuɗi, likita ya nanata cewa wannan ta farko ce, saura biyar, a dawo bayan sati uku ko da yaro yana tsalle. Baba ya ce to, in Allah Ya so.

Mun dawo gida kamar masu dawowa daga Makka. Aka yi guɗa, aka dama gumba aka raba sadaka, mutane daga Dakko har da su a zuwa kallon fuskata. Iya ta karɓi katin ta adana, ta ce Allah Ya tsare jikanta daga sharrin allura sau ɗaya, ba za a koma a tsokano abin da ya kwanta ba. Ga shi an shuka alkama, ranar ruwa ba ta jiran kowa, Baba kuwa bayan damina biyu ba amfani bai ga yadda zai bar fili ya tafi da yaron da ke buga ƙwallon tsumma a ƙofar gida ba. Ni ma ban so komawa ba, wa ke son amai? Mutum ɗaya ce ta ɗaga maganar. Ranar da sati uku ya cika Inna tana tankaɗe, mata cike da tsakar gida, ta ce a hankali, "Iya, ba an ce a koma ba?" Sai wata gwaggona ta tafa hannu ta ce, "Ikon Allah! Ashe kin san da shi? Har kwanakki kike ƙirga mai?" Mata suka fashe da dariya, Inna ta sunkuyar da kai ta shige ɗaki da rariyarta. Wasa ne, ba wanda ya yi nufin mugunta, amma wasan nan ya kusa kai ni kabari.

Alkama ta kai gwiwa lokacin da ciwon ya dawo. Wannan karon bai yi sallama ba. Cikin sati biyu ya wuce girmansa na da, ya tura idona na hagu waje, miyau na zuba ban iya tare shi. Na daina makaranta, na daina kanal, aka shimfiɗa mini tabarma a rumfar Iya. 'Yan dubiya suka yi ta zuwa, kowa da nasa maganin a ƙulle, wannan saiwa, wancan turare, kowa kuma in zai fita sai ya ce sai haƙuri. Na isa in gane irin haƙurin da ake nufi. Iya ta rame kamar ita ce majinyaciyar, tana fifita ni tana cewa ai ta faɗa, ƙarfe ne ya fusata shi. Malam Yohanna ya zo har sau biyu ya roƙa, aka gode masa aka raka shi. Na tsorata ƙwarai a kwanakin nan, kuma na yi fushi da kowa, musamman matar da ke wucewa ta gefen rumfa da tulu a ka ba ta ko juyo ba.

Ranar Juma'a da hantsi dattawan gidanmu suka taru a zaure, baffannina da liman da Baba, Iya kuma tana zaune daga bakin ƙofa ta ciki, don a yanke magana. Daga inda nake kwance ina jin komai. Ra'ayi ya karkata ga a bar ni gida a ci gaba da addu'a, kada a wahalar da yaro a hanya a banza. Inna tana daka a lokacin. Sai na ji taɓarya ta tsaya. Ta jingine ta a bango, ta goge hannu a zane, ta ratsa tsakar gida ba mayafi, ta wuce Iya, ta tsaya a bakin zauren da mace irinta ba ta taɓa leƙawa in akwai maza. Ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. Ta ce, "Ku gahwarce ni, iyayena. Haliru ɗana na. Likita cewa yay yi shidda, guda anka yi. Ba ni zama in ga Haliru ya mutu da saura biyar. In ba mai kai shi, ni ina kai shi, ko da ƙasa."

Sau biyu ta faɗa. Sunan ɗanta na fari, sunan surukinta, a gaban ƙannen mijinta, a gaban matar mai sunan. Wani baffana ya fara salati. Ni kuwa a kan tabarma, da rabin fuska kamar tulu, daɗi ne ya rufe ni, na manta da ciwon, ina ta maimaita sunan a zuciyata da irin muryarta. Kowa Iya yake jira. Tsohuwar ta daɗe tana kallon surukarta, sa'annan ta dafa bango ta miƙe ta shiga ɗaki. Muka ji tana buɗe kwalla. Ta fito da katin nan shuɗi naɗe a cikin tsohon rawanin mijinta, ko lanƙwasa bai yi ba. Ta miƙa wa Inna ta ce, "Shekara goma sha biyu ban ji sunan ga bakin mace ba cikin gidan ga. Wadda ta iya hwaɗinai, ta iya kai shi. Tahi, ni ina riƙon Hajo." Har yau ban san ko Iya ta daina tsoron allura ba. Na dai san ta ajiye katin inda take ajiye abin da ya fi mata daraja.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa ban taɓa yarda a zagi mutanen ƙauyenmu a gabana ba. Waɗanda suka ce sai haƙuri da safe su ne suka tashi tsaye bayan an sauko daga Juma'a. Masu filaye a layinmu suka raba ranakun ruwan Baba a tsakaninsu, Malam Yohanna ya ce shi da kansa zai riƙa leƙa fangalin in ya zo buɗe ƙofa. Mata suka yi ta shigowa da tiya, wannan gero, wannan wake, wannan daddawa da kuka, har gwaggon nan mai tsiya ta kawo kwalbar man shanu tana share ido da bakin zane. Saratu ta aiko da wasiƙa zuwa ga yayarta da ke zaune kusa da asibitin, ta ce kada a sake yin jeka-ka-dawo, a zauna can har a gama. Wani direban babbar mota da ke kai albasa kudu ya ɗauke mu a gaba, ya kuma yi alkawarin duk sanda zai wuce zai tsaya a ɗora masa saƙo. Baba ya raka mu, ya yi kwana goma, ya ga an ɗaura ta biyu, sa'annan ya koma.

Yayar Saratu ta kwashe 'ya'yanta daga ɗaki guda ta ba mu, ta sayo sabuwar buta da tabarma, ta kira wani maƙwabci ya nuna wa Inna alƙibla. A ɗakin nan muka yi kusan wata huɗu, muna zuwa asibiti in lokacin allura ya yi, a kwantar da ni kwanaki a sallame mu. Wannan karon ciwon ya yi taurin kai, sai bayan ta uku idona ya koma mazauninsa. Gashina ya zube tas har gira, bakina ya yi gyambo, ko ƙamshin miya na ji sai amai. An ce in yi ta shan ruwa don maganin ya wanke, Inna kuwa ta ɗauki wannan magana kamar farilla, kullum tana tsaye a kaina da kwanon sha. Amma in za a tambaye ni kwanakin da suka fi mini daɗi a ƙuruciya, ba zan ce na kanal ba. A Zariya ba Iya, ba gwaggo, ba wanda za a ji wa kunya. Ita ke yi mini wanka, ita ke tare mini kwano in zan yi amai, ta goya ni, ni ƙato ɗan shekara tara, ƙafafuna na jan gwiwarta. A tagar karɓar kati in malamin ya ce sunan yaro, sai ta ce Haliru, kai tsaye, kamar tun da can ta saba. Wani lokaci nakan yi kamar barci nake yi don kawai ta tashe ni da shi.

Ɗakin yara na asibitin ya koya mana abubuwa da yawa. Akwai masu irin ciwona, akwai masu na ido, masu na ciki. Wasu gadajen mukan dawo mu tarar an canza zanensu, ba a tambaya. Iyaye mata kan haɗa murhu a bayan ginin, Bahaushiya da Bagwariya da Bafulatana, a ci tukunya ɗaya, wadda ɗanta ya samu barci ta riƙe wa wadda nata bai samu ba. A nan na ga wata Innar da ban sani ba. Duk wanda ta ga yana naɗe tabarma don kumburin ɗansa ya sace bayan allurar farko, sai ta tare shi, mace ko namiji, ta jawo ni ta ɗaga haɓata ta nuna. Takan ce, "Mu ma haka munka yi. Ciwon ga awa ciyawar ƙiri-ƙiri shike, ka share bisa ka ce gona ta yi kyau, saiwa tana nan ƙasa." Wasu sun ji sun zauna. Wani mutum ya ɗauki 'yarsa Ladi, abokiyar wasana ta gadon kusa, ya tafi duk da roƙon, Inna ta bi shi har bakin titi. Ta dawo ta zauna ta wuni ba ta ci abinci ba, ba mu kuma sake jin labarinsu ba.

Bayan ta huɗu zazzaɓi ya kama ni mai tsanani, har aka aika wa Baba ta bakin direban nan. Saƙon ya same shi alkama ta nuna, ta yi ja, in aka ƙara sati sai ta kakkaɓe tsuntsu ya gama da ita. Ya ajiye lauje ya hau mota. Ya yi kwana tara a wurinmu har zazzaɓin ya sauka, bai ce uffan a kan gona ba, amma ina ganin yadda yake kallon sama. Da ya koma sai ya tarar da filin fayau, ko zangarniya babu, gabansa ya faɗi. Ashe gayya aka kira bayan tafiyarsa, da makaɗi da komai, matasa suka yanke, mata suka sussuke suka sheƙe, aka jera buhuna a zaurenmu aka rufe da asabari. An ce Malam Yohanna ma ya tuɓe rigar aiki ya karɓi lauje, ya yanke yatsa, aka yi ta yi masa tsiya. Da direban ya zo da saƙo na gaba, har da garin alkamarmu a ciki, Inna ta yi alkaki ta raba wa duk ɗakin yara.

Ana gobe za a yi ta shida sai na ji ba na murna. Na zauna a bakin gado na yi kicin-kicin, na ƙi cin abinci, don na gane lissafin: in na warke za mu koma gida, in mun koma gida zan koma wancan. Na daure na tambaye ta, "Inna, in mun koma kina barin kiran sunana?" Ta dube ni, ta shafa ƙoƙon kaina da ba gashi, ta daɗe hannunta na wurin. Sai ta miƙo kwano ta ce, "Sha ruwanka, Haliru." Na sha. Washegari aka ɗaura, na yi amaina na ƙarshe, bayan sati biyu likita ya lallatsa muƙamuƙina da cikina, ya duba takardu, ya ce ba ya ganin komai, sai dai a riƙa kawo ni dubawa. Ya ce wa mai fassara ya gaya wa matar nan ita ce ta yi aikin. Inna ta rufe fuska da mayafi, ni kuwa na fita baranda na yi tsalle uku da ƙafa ɗaya don in gwada ko har yanzu na iya langa.

Mun sauka Mafara ranar kasuwa, hadarin farko na haɗuwa a gabas. Kafin mu isa ƙauye labari ya riga mu, yara suka taro mu tun daga kwalbati suna ihu, waɗanda suka kira ni Mai Goro su ne a gaba suna rigimar ɗaukar mana kaya. Guɗa ta tashi daga gida zuwa gida. Iya ta fito ba takalmi, ta kama fuskata da hannu biyu ta juya dama ta juya hagu, tana kuka tana dariya, ta ce an mayar mata da miji ba gashi ba gira, ita kam sai an ƙara mata sadaki. Na waiga in ga Inna. Tana bakin zaure, ta gyara mayafi, ta durƙusa ta gaida surukarta kamar yadda aka saba, sa'annan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Iya, ga yaronki nan." Ta shige ɗaki tana kiran Hajo. Da aka kawo tuwo na sa hannu a ƙarƙashin malmala, na ji tsokar tana nan.

Ba ta sake kiran sunana ba, in ban da a tagar kati, duk lokacin da muka koma dubawa, kuma ba mu taɓa tsallake ko ɗaya ba. Mata sun daɗe suna yi mata tsiyar ranar zaure, takan yi murmushi ta ci gaba da aikinta. Amma daga shekarar, duk yaron da kumci ko ciki ya kumbura masa, daga Morai har Janbako, sai ka ji an ce a je a tambayi Innar Haliru. Takan sa mayafi ta raka su Mafara, ta sa a aika wa masu masaukinmu na Zariya, ta bi gida-gida tana tara tiyar gero. Ba duka suka rayu ba, amma na san magidanta uku yau da suke kiranta uwa har ta koma ga Allah.

Yanzu na yi furfura, haƙoran nan biyu tun da suka faɗi ba su sake fitowa ba, ƙadangare dai ya yi aikinsa. Kanal ɗin da muka yi iyo ciyawa ta ci rabinsa. Asibiti ya matso kusa, mota ta yawaita, 'yata kuwa tana kiran ɗanta na fari da sunansa tun daga ƙofar gida, ta rungume shi a gaban kowa, ba wanda ya ce mata kanzil. Ina jin daɗin haka, ko da yake wani lokaci nakan yi kewar zamanin da ƙauye guda kan yanke wa mutum alkama ba a gaya masa ba. In na samu sarari nakan je ɗakin yara masu wannan ciwo da ɗan abin da ya sawwaƙa, in zauna da iyayen, in ga wanda ya fara naɗe tabarma sai in ɗaga haɓata in nuna masa, in faɗa masa maganar ciyawar ƙiri-ƙiri. In sun tambayi wanda ya koya mini, sai in ce wata mata ce da duk ƙauyenmu aka shaide ta da kunya. Sau ɗaya tak ta ajiye kunyar nan a bakin zaure, kuma da wannan sau ɗayan nake raye har yau.